Wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a harkar mai da kahraba (wutar lantarki) a Saudiyya?

Wani ƙanenmu da ke zaune a Hindawiyya, cikin Jidda, ya aiko min da tambaya. Shekara shida ya yi yana haɗa sola a Kano, yanzu watansa takwas a nan yana aikin wayarin a ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da izinin zamansa ke rataye a wuyansa. Ga yadda ya ce: "Yaya Injiniya, a gida mun san NNPC, mun san NERC mai sa ido kan wutar lantarki, mun san IPMAN ta dillalan mai da NUPENG ta ma'aikatan mai da direbobin tanka. A nan su wane ne a madadinsu? Kuma idan Allah ya buɗa min na fara aikin sola na kaina, wace ƙungiya zan shiga da za ta tsaya min?"

To ƙanena, Allah ya sa albarka a neman. Na daɗe ina aiki da 'yan kwangila tsakanin Yanbu da Rabig, kuma irin tambayar nan taka na sha jin ta daga bakin sababbin zuwa. Bari in fara da rabin tambayar na biyu, don nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Ƙungiyar da kake nema, mai kiran taron gaggawa ta ba gwamnati wa'adin mako biyu, ta ce direbobin tanka su ajiye makullai, babu ita a ƙasar nan. Ba a yarda da ƙungiyar ƙwadago irin ta gida ba, ba a kuma yarda da yajin aiki ba. Abin yana da tarihi, kuma daga rijiyar mai ya samo asali. Ma'aikatan kamfanin mai na Aramco 'yan ƙasa sun yi yajin aiki a 1953 a yankin gabas, suna neman ƙarin albashi da gyaran matsuguni. Suka sake tashi a 1956, a shekarar kuwa Sarki Sa'ud ya fitar da umarnin da ya haramta yajin aiki. Abin da aka bari daga baya shi ne kwamitin ma'aikata a cikin kamfanin da ke da 'yan ƙasa fiye da ɗari, shi ma na 'yan ƙasa ne, kuma iyakarsa shawara. Kai mai iƙama, wato katin izinin zama na baƙo, idan kafili ya riƙe maka albashi, ma'aikatar kula da ma'aikata za ka nufa, a fara neman sulhu, in ya faskara a tura ku kotun ƙwadago. Abin da zai tsaya maka a can shi ne kwantiraginka da ke rubuce a manhajar Qiwa. Je ka duba shi yau, ka ga ko albashin da ke ciki shi ne wanda kuka yi da baki.

Akwai ƙungiyoyi fa, ban ce babu ba. Sai dai aikinsu ya sha bamban da wanda ka sani, zan zo kansu. Kafin nan sai ka gane yadda gidan yake, domin Larabawa suna da kalmomi uku da in ka riƙe su ka huta da yawon banza: wizara, hai'a, sharika. Wizara ita ce ma'aikata, ita ke shata hanya. Hai'a hukuma ce mai sa ido da ba da lasisi. Sharika kamfani ne, shi ke haƙowa, ya sayar, ya aiko maka da fatura, wato takardar kuɗin da za ka biya. Rabin wahalar da mutanenmu ke sha a ofisoshi daga kai kukan sharika gaban wizara ne, ko neman lasisi a wurin wanda aikinsa karɓar kuɗi ne kawai.

Wizaratul Ɗaƙa, wato Ma'aikatar Makamashi, ita ce uwa. An kafa ta a 1960 da sunan ma'aikatar man fetur da ma'adinai, ministanta na farko Abdullahi Ɗariki. Bayansa Ahmad Zaki Yamani, ɗan Makka, ya riƙe ta daga 1962 zuwa 1986, shi ne wanda duniya ta haddace fuskarsa lokacin takunkumin mai na 1973. Ali Na'imi ya yi daga 1995 zuwa 2016, mutumin da ya shiga Aramco yana yaro ɗan aike ya hau har ƙololuwa. A 2019 aka raba ma'aikatar gida biyu: masana'antu da ma'adinai suka koma tasu ma'aikatar, makamashi ya tsaya shi kaɗai a hannun Yarima Abdul'aziz bin Salman. Wannan ne karon farko da ɗan gidan sarauta ya riƙe kujerar. Saboda haka in maganar zinariya ko fosfat ce, ba nan ba ne. In mai ne, ko gas, ko kahraba, ko sola, nan ne.

Mutane da yawa suna ɗauka Aramco ce gwamnatin mai, kamar yadda a da NNPC ta zama ita ce mai saye, ita ce mai sayarwa, ita ce alƙali. Aramco kamfani ce. Asalinta yarjejeniyar 1933 da kamfanin Amurka na Standard Oil of California, man kuma ya ɓulɓulo da gaske a rijiya ta bakwai a Dammam a watan Maris na 1938. Gwamnati ta riƙa sayen hannun jarin Amurkawa kaɗan-kaɗan, kashi 25 a 1973, kashi 60 a 1974, ta kammala a 1980, aka sake mata suna a 1988. A Disamban 2019 aka fito da ɗan yanki kasuwar hannun jari ta Tadawul, riyal 32 kowane hannun jari, amma har yau sama da kashi 97 cikin ɗari yana hannun gwamnati da asusunta na zuba jari, PIF.

Da girmanta da komai, ba ita ke yanke yawan gangar da za a haƙo ba. Ga misali da ya taɓa aljihun mutanenmu kai tsaye. Aramco ta yi shekaru tana shirin ɗaga ƙarfin haƙonta daga ganga miliyan 12 a rana zuwa miliyan 13. An ba da kwangiloli, an hayo na'urorin haƙa na cikin teku. A Janairun 2024 ma'aikata ta aiko mata da umarnin ta tsaya a miliyan 12. Cikin 'yan watanni aka dakatar da na'urorin haƙa da dama, ƙananan 'yan kwangilar da ke rataye a jikinsu suka fara sallamar ma'aikata. Na san masu walda da suka tattara kaya a lokacin, ba su taɓa jin sunan ministan ba, amma takarda ɗaya daga ofishinsa ta kai su filin jirgi. In kana son sanin inda aiki zai buɗe a shekara mai zuwa, sanarwar ma'aikata za ka riƙa bi, kafin ta kamfani.

Kuɗin fetur ma haka. A gida in farashi ya motsa sai ka ji dillalai a rediyo, kowane gidan mai da nasa lissafin, ga 'yan bumburutu a bakin titi. A nan Aramco ke sanar da farashi, amma gwamnati ke tsara yadda za a lissafa shi. A farkon 2018 aka ɗaga banzin 91, mai koren famfo, daga halala 75 (halala ɗari ce riyal ɗaya) zuwa riyal 1.37, shi kuma 95 mai jan famfo daga halala 90 zuwa riyal 2.04. A Yulin 2021 umarnin sarki ya sa masa rufi: 91 a riyal 2.18, 95 a riyal 2.33, abin da ya haura gwamnati ta ɗauka. Masu gidajen mai irin su Aldrees da SASCO ribarsu a kan kowace lita ƙayyadaddiya ce. Ba su da bakin cewa za su rufe famfo sai an ƙara.

Yanzu ga ɓangarenka, kahraba. Kamfanin wuta na ƙasa an haɗa shi ne a 2000 daga kamfanonin yankuna da ke warwatse. Shi ke kawo waya, ya kafa addad, wato mita, ya aiko fatura. A samansa akwai hukumar da ke sa ido, wadda ta sha canjin suna har mutane suka rikice. An fara saninta da ECRA, sai ta koma WERA da aka haɗa mata ruwa, sai a 2024 aka cire ruwan ta zama SERA. In ka ga tsohuwar takarda da ɗaya daga sunayen nan, gida ɗaya ne. Ita ce takwarar NERC. Ita ke ba da lasisi, ita ke fitar da ƙa'idar hidima, har da diyyar da kamfani zai biya mai mita idan aka wuce lokacin da aka ɗiba wajen haɗa masa wuta ko dawo da ita. Tsarin ƙorafi kuwa hawa-hawa ne. Sai ka fara kai kuka ga kamfani ka karɓi lambar ƙorafi. In lokacin da aka ba su ya cika ba su warware ba, ko ba ka gamsu ba, sai ka ɗauki lambar nan ka haura wurin hukuma. Wanda ya tsallake matakin farko, baya za a maido shi.

Amma kafin ka kai ƙarar kowa, koyi karanta fatura. Tun Janairun 2018 kuɗin wutar gida halala 18 ne kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura nan kuma halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15 da ya fara aiki a Yulin 2020. Wata shekara cikin watan Agusta wata hajiya 'yar uwarmu a Makka, wajen Shari'a Mansur, ta kira ni hankali a tashe, ta ce an cuce su, fatura ta haura riyal dubu biyu. Na je gidan bayan La'asar. Gini ne hawa uku, iyali uku, addad ɗaya a bakin ƙofa. Na zauna a kan tabarma da biro da bayan ambulan. Sun ci kilowat wajen 9,000. Dubu shidan farko riyal 1,080, dubu ukun da ke sama riyal 900, jimla 1,980 kafin haraji. Da kowane iyali na da nasa addad, kowa ya ci dubu uku-uku, riyal 540 zai biya, su ukun 1,620. Riyal 360 ke nan suke zubarwa duk wata na zafi, don kawai mai gidan bai raba musu mita ba. Sai na leƙa ɗakunan. Mukayyif ɗin taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda bakwai, tsofaffi, wani ma tun ina saurayi na san irinsa, tacensu ya toshe da ƙura, suna gurnani dare da rana. Hajiya ta ce, "To Injiniya, wa za mu kai ƙara?" Na ce mata babu, sai dai a lallaɓi mai gida, a kuma wanke tace.

Wannan ya kawo ni kan wata cibiya da ba a cika ambata ba, alhali kai mai wayarin kullum kana taɓa aikinta. Cibiyar tattalin makamashi, wadda ake kira Kafa'a, an kafa ta a 2010. Ita da hukumar ingancin kaya, SASO, su ne suka kawo takardar nan mai launuka da kake gani manne a jikin mukayyif da firiji da injin wanki. Dalilin kafa ta a fili yake: sanyaya ɗaki shi ke cinye mafi yawan wutar gidaje a ƙasar nan, kuma da rani har ɗanyen mai ake ƙonawa a tashoshin wuta, man da da an sayar da shi waje. Idan mai gida ya ce ka zaɓo masa mukayyif, karanta masa takardar nan. Wannan kaɗai zai bambanta ka da mai wayarin da ya iya murɗa waya kurum.

Sola kuma, kada ka zo da lissafin Kano. A Kano mutum na sayen sola ne don wuta ba ta zuwa, ga dizal ya yi tsada, ga ƙarar janareta. A nan wuta ba ta ɗaukewa sai jefi-jefi, kuma halala 18 ce. Magidanci a Jidda ba shi da abin da zai kore shi zuwa ga batir da inbata. Kasuwar sola a nan ta manya ce: tashar Sakaka mai megawat 300, ta Sudair mai 1,500, ga ta iska a Dumatul Jandal mai 400. Ma'aikata ke tsara shirin, da burin rabin wutar ƙasar ya fito daga rana da iska zuwa 2030. Wani kamfanin gwamnati mai suna SPPC shi ne mai saye guda ɗaya, shi ke fitar da tallar kwangila ya sa hannu a yarjejeniyar sayen wutar na shekaru masu yawa, manya irin su ACWA Power su gina. Kai inda za ka samu shiga shi ne wurin 'yan kwangilar da ke ƙarƙashinsu, masu kafa faranti da jan kebul, ko kuma gonaki da rumbunan ajiya da masana'antu masu faɗin rufi. Na kan rufi ma yana da ƙa'ida. Hukumar kahraba ta fitar da tsarinsa tun 2017, ta buɗe masa shafi mai suna Shamsi. Ba a haɗa faranti da layin kamfani sai da izini, kuma sai ta hannun ɗan kwangilar da aka tantance. Abin da muke yi a gida, a hau rufi da safe a sauko da yamma an gama, a nan tara ce.

To, ƙungiyoyin. Ta farko da za ta shafe ka ita ce Hai'atul Muhandisin, majalisar injiniyoyi ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2002. Kamar a ce an haɗa COREN, hukumar rajistar injiniyoyi ta Najeriya, da ƙungiyar injiniyoyi a tukunya ɗaya. Shigarta ba ganin dama ba ne: duk baƙon da iƙamarsa ta ce muhandis, wato injiniya, ba za a sabunta masa ita ba sai rajistarsa na da rai. Suna bin diddigin takardun makaranta har can inda aka bayar, kuma sabon injiniya daga waje ana neman ya zo da gogewar shekara biyar. Masu sana'ar fasaha, waɗanda ake kira fanni, su ma suna da nasu rukunin rajista a can. Masu aikin hannu kamar wayarin da famfo kuma an kawo musu jarrabawar sana'a tun 2021. Don haka abu na farko, ciro iƙamarka ka karanta sana'ar da aka rubuta. Na ga ƙwararren mai haɗa allon wuta da iƙamarsa ke cewa amil, wato lebura. Ranar da aka zo tantance ma'aikata a ƙofar wata masana'anta, ya tsaya da hular kwano da takalmin aiki yana kallo yaran da ya koya wa aiki suka wuce ciki, shi aka ce ya koma mota. Wata huɗu ya yi yana bin kafilinsa kafin a gyara kalma ɗaya.

Ka kuma sani ana ware wa 'yan ƙasa kaso a ayyukan injiniya. An fara da kashi 20 a 2021, ana ta ƙarawa. Wannan ba abin fushi ba ne, ƙasarsu ce. Amma yana nufin gurbin baƙo yana komawa wurin aikin da ke buƙatar hannu da gogewa, can cikin rana, ba kujerar ofis ba.

Ta biyu ita ce gurfa, wato zauren 'yan kasuwa. Ta Jidda ita ce mafi tsufa a ƙasar, tun 1946, kuma dukkansu suna ƙarƙashin tarayya guda da ke Riyad. A cikinsu akwai kwamitoci na sana'a-sana'a, na 'yan kwangila, na masu gidajen mai, na masana'antu. Su ne mafi kusa da abin da kake kira IPMAN. Suna zama da jami'an ma'aikata, suna rubuta takardar koke, wani lokaci a saurare su a sassauta wata ƙa'ida ko a ɗaga ranar fara aiki da ita. Sai dai da lallami ake yi, a ɗaki, ba a gaban 'yan jarida ba. Kai a rayuwarka ta yau da kullum inda za ka haɗu da gurfa shi ne tasdiƙi, hatimin da ke tabbatar da cewa sa hannun da ke kan wasiƙar kamfaninku na gaske ne. Akwai kuma hukumar 'yan kwangila da aka kafa a 2015. Duk waɗannan, mamba shi ne kamfani mai sijil, wato rajistar kasuwanci. Ba mutum ɗaya mai akwatin kayan aiki ba.

Nan ne zan ja kunnenka da kyau, don na ga inda zancenka ya dosa da ka ce "na kaina". Za a zo maka da shawara mai daɗi: ga wani ɗan ƙasa zai ba da sunansa a buɗe sijil, kai ka zuba kuɗi ka yi aiki, duk wata ka ba shi wani abu. Sunan wannan tasattur, kuma laifi ne babba. Dokar 2020 ta tanadi ɗauri har shekara biyar da tara har riyal miliyan biyar, ga kora daga ƙasa ga baƙo. Tun kafin hukuma ta kama ka ma, kana cikin haɗari. Wani abokina ya yi shekara tara yana gina shagon kayan wuta a haka. Mai sunan ya rasu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. 'Ya'yansa suka zo da takardar gado, shago da kaya da kuɗin banki duk sunan mahaifinsu ne. Abokina ba shi da bakin magana, domin in ya je kotu kansa zai fara tonawa. Hanyar halal ita ce rajista da Ma'aikatar Zuba Jari, wadda a da ake kira SAGIA, kuma tana son jari da takardun da mai wata takwas bai kai gare su ba tukuna. Ba gaggawa.

Sauran sunayen da kake ji a labarai, OPEC da 'yan uwanta, ba ofishin da za ka je ba ne, amma ka san su don su ke juya kasuwar da kake ci a cikinta. An kafa OPEC a Bagadaza a Satumban 1960, ƙasashe biyar: Saudiyya, Iraƙi, Iran, Kuwait da Benezuwela, kuma Ɗarikin nan da na ambata yana cikin waɗanda suka assasa ta. Hedikwatarta na Biyana, ƙasar Austiriya. Najeriya ta shiga a 1971, kuma mutanenmu sun riƙe ta: Dakta Rilwanu Lukman na Zariya ya yi babban sakatare daga 1995 zuwa 2000, Muhammad Sanusi Barkindo na Yola daga 2016 har rasuwarsa a Yulin 2022. A zamanin Barkindo ne, ƙarshen 2016, aka jawo Rasha da wasu ƙasashe, har da Sudan, aka yi abin da ake kira OPEC+. Su ne suka amince a rage ganga miliyan 9.7 a rana a Afrilun 2020 da korona ta durƙusar da farashi. Wanda ke zama a kujerar Saudiyya a wannan taro ministan makamashi ne, ba shugaban Aramco ba. Akwai OAPEC ta Larabawa zalla, tun 1968, mai zama a Kuwait, da kuma dandalin makamashi na duniya da ke da sakatariya a Riyad, inda masu sayarwa da masu saye ke haɗuwa. Waɗannan ka bar wa masu babbar riga.

In kuwa burinka shiga aikin Aramco ko kamfanin sinadarai na SABIC ko masana'antun Yanbu da Jubail, ka sani waɗannan garuruwa biyu suna ƙarƙashin wata hukumar sarauta ta musamman tun 1975, da nata ƙa'idojin gini da na tsaro. Ba a shiga da "na san wani". Kamfaninku ne zai yi rajista a jerin masu kawo musu kaya da aiki, kai kuma a tantance ka a ba ka katin shiga. Takardar horon kiyaye haɗari tana da daraja a wurinsu ƙwarai, wani lokaci fiye da dogon bayanin shekarun da ka yi kana aiki.

Ka turo min hoton iƙamarka ta gefen da aka rubuta sana'a, ka rufe lambar da yatsa, da takardar makarantar da ka gama, in duba ko rajistar fanni ce ta dace da kai ko jarrabawar sana'a. Idan na shigo Jidda ranar Juma'a mai zuwa zan neme ka bayan an sauko. Ka gaida mutanen Hindawiyya.